IDAN JARIRI YA ZO DA ƘAFA: ABIN DA YA KAMATA A YI KAFIN RANAR HAIHUWA

Wata ranar Laraba da yamma, bayan an tashi daga taron Zumuntar Mata, wata daga cikin iyayenmu ta tare mu a ƙofar majami'a. Bayan gaisuwa sai ta rage murya ta ce, "Malam, matar ɗana ta dawo daga awo, an ce ɗan da ke cikinta ya zauna, kai sama ƙafa ƙasa. Akwai wata tsohuwa a ƙauyenmu da ta iya juya ciki. Mu kai ta can ne, ko kuwa mu tsaya a kan azumi da addu'a?"

Muka ce, "Mama, cikin wata nawa ne?" Ta ce bakwai, kuma shi ne na fari. Muka roƙe ta kada a bar kowa ya taɓa cikin nan tukuna, muka kuma yi alkawari za mu raka su asibiti ranar awo mai zuwa domin mu ji daga bakin masu aikin. Abin da muka koyo a wannan tafiya, da wanda muka bincika daga baya, shi ne muke so mu kawo wa masu karatu a yau, domin tambayar wannan uwa tambayar gidaje da yawa ce.

YADDA JARIRI YAKE KWANCIYA

A watannin farko na ciki jariri yana da wadatar fili a mahaifa, yana juyi yadda ya ga dama. Yau kansa yana sama, gobe yana ƙasa. A mako na 28, wato wajen ƙarshen wata na shida zuwa shiga na bakwai, kusan jariri 1 cikin 5 yana zaune ne da ɗuwawunsa a ƙasa. Amma yayin da yake girma, wuri yana matsewa, sai yawancinsu su juyo da kai ƙasa da kansu, ba tare da kowa ya sa hannu ba. Idan ciki ya cika, kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ne kawai suke ragewa a zaune.

Saboda haka macen da aka faɗa wa haka tana da cikin wata bakwai, kada hankalinta ya tashi. Abin da ake bukata gare ta shi ne ta ci gaba da zuwa awo. Lokacin da maganar take zama babba shi ne mako na 36, gab da shiga wata na tara, domin daga nan ba kasafai jariri yake juyawa da kansa ba, musamman a cikin fari.

Zaman nan iri uku ne. Akwai wanda ɗuwawu ne a ƙasa, ƙafafu kuma sun miƙe sama zuwa wajen fuska, wannan ya fi yawa. Akwai wanda ya tanƙwashe ƙafafu kamar mai zama a kan tabarma. Akwai kuma wanda ƙafa ɗaya ko duka biyu suka riga ɗuwawu saukowa, wannan shi ya fi hatsari. Ban da waɗannan, wani jaririn yakan kwanta a gicciye, shi kuwa ba ya haifuwa ta hanyar da aka saba muddin yana nan a haka.

Wata mace takan ji abu mai tauri kamar ƙwallo a ƙarƙashin haƙarƙarinta, ta kuma ji shuri a ƙasan mara. Wannan alama ce kawai. Nas ko likita ne za su lalubi ciki da hannu, hoton ciki kuma shi ne yake tabbatarwa.

ME KE KAWO SHI

Sau da yawa ba a samun wani dalili. Amma an fi ganinsa idan naƙuda ta zo kafin lokaci, ko ruwan da jariri yake ciki ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ko tagwaye ne, ko akwai ƙari a mahaifa, ko sifar mahaifar ta bambanta, ko kuma mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa. Ba laifin mace ba ne. Ba abincin da ta ci ba ne, ba kuma sammu ko bakin wani ba ne. Muna faɗar wannan domin mun sha ganin yadda ake jefa zargi a kan kishiya, ko maƙwabciya, ko dangin miji, har zumunci ya lalace a kan abin da hoton ciki zai bayyana cikin minti goma.

INDA HATSARIN YAKE

Kai shi ne ya fi kowane sashe na jikin jariri girma da tauri. Idan shi ya fara fitowa, ya buɗe hanya ke nan, sauran jiki sai ya biyo cikin sauƙi. Idan kuwa ƙafa da gangar jiki suka riga, ana iya samun jiki ya fito amma kai ya maƙale, alhali igiyar cibiya wadda jariri yake samun iska ta cikinta ta matse tsakanin kansa da ƙashin ƙugun uwa. Mintoci kaɗan ne tsakanin rai da mutuwa a wannan hali. Hatsari na biyu shi ne, idan faya ta fashe, igiyar cibiya tana iya zamewa ta riga jariri fitowa, tun da ƙafa ba ta toshe hanya kamar yadda kai yake yi.

Ba mu da halin yin wasa da irin wannan a ƙasarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kimanin mata 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan waɗanda suka rasu ta wannan hanya a duniya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa aka yi a asibiti. Mace da yawa ba ta sanin ɗanta ya zo da ƙafa sai ungozoma ta ga ƙafar.

JUYA JARIRI A ASIBITI

Hanya ɗaya ce likitoci suka tabbatar tana aiki, ita ce juya jariri da hannu ta kan fatar ciki. Sukan taƙaita sunanta da haruffa uku, ECV, kuma yana da kyau mace ta riƙe su domin ta iya tambaya ko ana yi a asibitin da take zuwa, in ba a yi kuma a tura ta inda ake yi.

Bisa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Birtaniya ta fitar a 2017, ana gwada wannan daga mako na 36 ga mai cikin fari, daga mako na 37 kuma ga wadda ta taɓa haihuwa. Ba a cika yi kafin haka ba, domin jariri yana iya juyawa da kansa, kuma idan wata matsala ta taso ana so ya zama ya isa haihuwa.

Ga yadda ake yi. Da fari za a ɗauki hoton ciki a ga kwanciyar jariri, da yawan ruwa, da inda mabiyiya take. Za a saurari bugun zuciyarsa da na'ura. Sau da yawa akan yi wa mace allurar da za ta sassauta mahaifa, wadda takan sa zuciyarta ta ɗan yi sauri na wani lokaci. Sa'an nan ta kwanta, likita ya sa hannu ɗaya ya ɗago ɗuwawun jariri daga cikin ƙugu, ɗaya hannun kuma ya riƙa karkato kansa a hankali har ya yi alkafura ya dawo ƙasa. Aikin kansa na 'yan mintoci ne. Akwai rashin daɗi, wata ma takan ji zafi, kuma duk lokacin da ta ce a tsaya, tsayawa ake yi. Bayan an gama za a sake sauraron zuciyar jariri kafin a sallame ta. Wadda rukunin jininta negatif ne za a yi mata allurar Anti-D.

Kusan rabin waɗanda aka gwada wa ana dacewa: wajen 4 cikin 10 a masu cikin fari, wajen 6 cikin 10 a waɗanda suka taɓa haihuwa. Idan an dace, kaɗan ne ƙwarai suke komawa yadda suke dā. Idan ba a dace ba, wani lokaci akan sake gwadawa wata rana. Matsala ba ta cika faruwa ba, amma a kimanin mace 1 cikin 200 akan bukaci a yi tiyata nan take saboda zubar jini ko sauyin bugun zuciyar jariri. Wannan shi ya sa ba a yin aikin sai inda akwai ɗakin tiyata a shirye.

Akwai waɗanda ba a yi wa ko kaɗan: wadda mabiyiya ta tare mata hanya, wadda ta ga jini a kwanakin nan, wadda fayarta ta riga ta fashe, mai tagwaye, da wadda bugun zuciyar ɗanta bai yi daidai ba. Wadda aka taɓa yi wa tiyata sau ɗaya, likita ne zai duba halinta ya yanke shawara. Bayan an koma gida, idan aka ga jini, ko ruwa ya zubo, ko ciwon ciki mai tsanani, ko motsin jariri ya ragu, sai a koma asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.

DABARUN GIDA

Mata sukan koya wa juna wasu dabaru, kuma ya kamata mu faɗi gaskiya a kansu. Wadda ta fi shahara ita ce mace ta durƙusa a kan shimfiɗa, ta kai ƙirji ƙasa, ƙugu ya yi sama, ta zauna a haka kamar minti 15, sau da dama a yini. Wata kuma ita ce ta kwanta rigingine ta tada ƙugunta da matashin kai. Tunanin shi ne ɗuwawun jariri ya fita daga cikin ƙugu ya sami filin juyawa. A shekarar 2012 masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan, ba su sami isasshiyar shaida cewa yana juya jariri ba. Ba a kuma ga yana cutarwa ba. Saboda haka wadda take so ta gwada, ta fara tambayar nas, ta yi shi kafin ta ci abinci, da wani a kusa da ita, ta kuma daina da zarar ta ji jiri ko ciwo. Mai hawan jini ko wadda ta ga jini kada ta fara.

A ƙasar Sin suna da wata tsohuwar dabara. Sukan kunna busasshen ganyen wani tsiro da aka naɗe kamar sanda, su kusantar da ɗuminsa ga gefen ƙaramin yatsan ƙafa. An gwada ta a kan mata 260 masu cikin fari a lardin Jiangxi, aka buga sakamakon a 1998: a mako na 35, jarirai kashi 75 cikin 100 sun juyo a cikin waɗanda aka yi wa, kashi 48 kuma a cikin waɗanda ba a yi wa ba. Wasu daga cikin gwaje-gwajen da aka yi a Turai daga baya ba su nuna irin wannan nasara ba. Inda ake yin ta ma, wanda ya koya ne yake yi, tsakanin mako na 33 da na 35. Kada wani ya ji wannan ya je ya kunna ganye a ƙafar matarsa.

Sauran abubuwan da ake faɗa, kamar ɗora abu mai sanyi a saman ciki, ko haska tocila a mara, ko sa waƙa kusa da ƙugu, babu wani bincike da ya tabbatar da su. Illarsu ɗaya ce: mace ta dogara da su har lokacin juyi a asibiti ya wuce.

ABIN DA BA A YI

Yanzu mu koma ga tsohuwar ƙauye. Muna girmama ungozomominmu, da yawa daga cikinmu a hannunsu muka faɗo duniya. Wani zai ce, ai abin da likita yake yi da hannu shi ne ita ma take yi. Bambancin shi ne likita ya ga inda mabiyiya take kafin ya taɓa, yana jin zuciyar jariri, yana kuma da ɗakin tiyata a bayansa. Ita kuwa ba ta da ko ɗaya. Murza ciki da ƙarfi yana iya ɓamɓare mabiyiya daga jikin mahaifa, jini ya ɓalle a ciki ba a gani, ko igiyar cibiya ta naɗe, ko ma mahaifa ta yage, musamman ga wadda aka taɓa yi wa tiyata.

Haka nan kada a sha jiƙo ko saiwa da sunan juya ciki ko kawo naƙuda. Kada a kira mai kemis ya yi allurar naƙuda a gida. Kada a yi yankan gishiri, wanda ya jefa mata da yawa cikin ciwon yoyon fitsari, bai kuwa taɓa buɗe wa jariri hanya ba. Idan kuma naƙuda ta yi ba-zata har ƙafa ta leƙo, kada kowa ya ja. Jan jariri yana sa hannuwansa su ɗaga, kai ya ƙara maƙalewa. Idan igiyar cibiya ce ta leƙo, kada a tura ta ciki. Mace ta durƙusa ƙirji ƙasa ƙugu sama kafin mota ta zo, a cikin mota kuma ta kwanta a gefen hagu da matashi a ƙarƙashin ƙugu, a nufi asibitin da ake tiyata kai tsaye.

IDAN YA ƘI JUYAWA

Hanya biyu ta rage: tiyata da aka shirya, galibi a mako na 39, ko haihuwa a asibiti a hannun wanda ya ƙware da irin wannan. A shekarar 2000 aka buga sakamakon wani babban bincike da Dokta Mary Hannah ta ƙasar Kanada ta jagoranta, a kan mata 2,088 a ƙasashe 26. An ga mutuwa ko mummunan rauni a jarirai kashi 1.6 cikin 100 inda aka shirya tiyata, kashi 5 kuma inda aka shirya haihuwa ta ƙasa. Daga nan asibitoci da yawa a duniya suka karkata ga tiyata. Amma a 2006 wani bincike a Faransa da Beljiyam, a kan mata fiye da 8,000, ya nuna cewa idan aka zaɓi mace da kyau, aka kuma sami ƙwararru, haihuwa ta ƙasa tana yiwuwa lafiya.

Likita zai duba girman jariri, da irin zamansa, da yadda kansa yake, da haihuwar da mace ta yi a baya. Ita ma tiyata tana da nata nauyi, domin wadda aka yi wa dole ne duk haihuwarta ta gaba ta zama a asibiti. Ko ta wace hanya aka haihu, a tuna wa ma'aikata su duba gaɓar kwatangwalon jariri, domin waɗanda suka zauna haka a ciki sun fi samun gocewar wannan gaɓa, kuma tana gyaruwa da sauƙi idan aka gano da wuri.

MAGANAR MATAN IBRANIYAWA

A nan ne batun ya shigo gidanmu. Mun sha ji ana yi wa mai ciki addu'a cewa za ta haihu kamar matan Ibraniyawa, har wasu suka ɗauka wadda aka yi wa tiyata bangaskiyarta ce ta kasa. Mu duba Fitowa sura 1 da kyau. Ungozomomi ne suka ba Fir'auna wannan amsa a lokacin da ya tuhume su don sun ƙi kashe 'ya'ya maza. Ba alkawari ne aka yi wa kowace mace mai bi ba. Littafin Farawa sura 35 kuma ya ba da labarin Rahila, ita ma daga wannan zuriya, wadda ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu. Abin yabo ga ungozomomin nan shi ne sun ceci rai. Wanda ya hana mace tiyata da sunan bangaskiya har aka rasa ɗa ko uwa, bai bi sawunsu ba. A yi addu'a, ƙwarai kuwa, amma a yi ta a kan hanyar asibiti da bakin ɗakin tiyata.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk abin da muka faɗa ya dogara ga sanin kwanciyar jariri a mako na 36. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, har da na mako na 34, da 36, da 38, da 40. Mata da yawa sukan je sau ɗaya su karɓi kati, ba a sake ganinsu. To, iyayenmu na Zumuntar Mata, ku riƙa tambayar masu ciki yaushe suka je awo na ƙarshe, da abin da aka ce game da kwanciyar ɗan.

Maza kuma, kada a bar mace tana naƙuda ana neman maigida ya ba da izini ko ya sa hannu. A tanadi kuɗi tun ciki yana wata biyar, a san motar da za a kira da dare, a san 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. Wadda take nesa da babban asibiti ta koma gidan dangi a gari idan wata na tara ya kama. A watan Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi, saboda haka a tambaya tun a wurin awo ko asibitin yana cikin shirin da abin da ake bukata. Ikilisiyoyi ma suna iya ware wani abu daga baiko domin irin wannan gaggawa.

Ita kuwa surukar Mama, da mako na 36 ya cika ɗan yana nan a zaune. Aka tura ta babban asibiti, likita ya gwada juyi, bai yiwu ba. Aka sa ranar tiyata. Mama ta yi kwana biyu ba ta yarda ba, tana cewa a zuriyarsu ba a taɓa yanka mace ba. Muka zauna da ita da ɗanta har dare, nas ɗin da ke cikin ikilisiyarmu ta zana mata a takarda yadda kai yake maƙalewa. A ƙarshe ta ce, "To, Malam, a yi, amma ni zan raka ta." Ita ce ta kwana a benci a bakin ɗakin, ita ce kuma aka fara miƙa wa jikanyarta. Bayan mako shida suka kawo yarinyar majami'a domin godiya, uwar tana tafiya da ƙafarta.